Bene a Cikin Lungu: Yadda Sabon Gini Zai Zauna da Tsohon Birnin Kano

A shekarar 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa domin a faɗaɗa titi, aka tayar da wata ta siminti a gurbinta. Ba ita kaɗai abin ya shafa ba. Yawancin ƙofofin Kano da mutum zai ratsa a yau sababbi ne, an ɗora musu zankwaye, an shafa musu fenti ruwan ƙasa don su yi kama da na da. Wasu na ganin an kyauta, tunda sunan bai ɓace ba kuma motoci na wucewa. Wasu kuwa cewa suke yi an binne tarihi da rana tsaka. Muhawarar takan tsaya a nan, a bakin ƙofa, alhali asarar da ta fi girma tana can cikin lungunan Koki da Yakasai da Madabo da Alkantara, inda gidaje ke sauya kama ɗaya bayan ɗaya ba tare da kowa ya ɗaga murya ba.

Ba wanda zai hana Kano gini. Mutane na ƙaruwa, iyali na faɗaɗa, gidan da ya ɗauki mutum goma a zamanin kaka yau jikoki arba'in ne ke da haƙƙi a cikinsa. Abin da ya kamata a zauna a kai shi ne wane irin sabon gini tsohon birni zai iya ɗauka ba tare da ya tashi daga kamanninsa ba. Kafin a kai ga amsa kuwa, sai an san abin da ya ba birnin kamannin tun farko.

Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwa. Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya gina gidan sarautar da har yau ake kira da sunansa, ya kafa Kasuwar Kurmi. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo a 1851, ya hau Dala ya zana garin daga sama. Abin da ke gabansa gari ne mai launi ɗaya, domin da ƙasar da yake zaune a kanta aka gina shi. Kududdufan da ke warwatse cikin birni ramukan da aka haƙi wannan ƙasa ne, daga baya suka zama matattarar ruwan damina.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin maginan gargajiya ya san aikin ba na gaggawa ba ne. Ana haƙo ƙasa a jiƙa ta, a zuba mata ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu tana tsima, a sake jiƙawa a sake tattakewa. Sannan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a jera a rana ya bushe. Magini yana zaune bisa bango kamar mahayi, yaronsa na ƙasa yana wurgo masa tubali ɗaya-ɗaya, yana cafewa yana dasawa cikin ɗanyar ƙasa. Bangon yana farawa da kauri sosai a gindi, yana sirancewa yana hawa. In an zo rufi sai azara, wato tsagin itacen giginya, wadda gara ba ta cika cin ta ba. Ita kuma azara tana da iyaka: idan tazarar da ke tsakanin bango da bango ta wuce kimanin mita biyu, ba za ta ɗauki nauyin ƙasar rufi ba. Wannan iyakar ce ta haifi mafi kyawun abin da ke cikin ginin Hausa. Da magina suka so ɗaki mai faɗi, sai suka riƙa ɗaura azara a kan azara, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, suna lulluɓewa da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama su zama bakan gizo. Idan bakuna suka gitta juna a tsakiyar rufi aka sami ɗaurin guga, a kansa kuma tulluwa ta zauna.

Kariya daga ruwa ita ma daga cikin gari take fitowa. Makuba daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa ake samunta. Laso, wanda ake shafe rufi da shi, haɗi ne na katsin da ake kwasowa daga gindin rijiyar marina, da gashin akuya daga majema, da dafara, wani tsiro mai yauƙi. Ke nan marinan Ƙofar Mata da majeman gari da magina duk sana'a ɗaya ce mai rassa, sharar wannan ita ce kayan aikin wancan. Indararo kuma yana tsirowa daga jikin rawanin gini ya jefa ruwa nesa da gindin bango.

Abin da ya kamata a lura da shi a nan shi ne, kayan ginin da kansu su suka tsara garin. Tunda ƙasa da azara ke aiki, gidaje suka tashi kusan tsayi ɗaya. Soron attajiri yakan ɗara na maƙwabta da hawa ɗaya, fada da hasumiyar masallaci su ɗara kowa, shi ke nan. Lungu ya tsaya ƙunci saboda mai ƙafa da mai jaki da mai doki aka yi dominsu, ƙuncin nan kuwa shi ke ajiye inuwa a ƙasa mafi yawan yini. Bango mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, sai dare ya yi ya sake shi, shi ya sa soron ƙasa ke da sanyi da azahar a watan Afrilu, yake da ɗumi da asubahin hunturu.

Akwai kuma tsarin da ya fi na kayan gini zurfi. Gidan Bahaushe na cikin birni yana farawa da dakali a waje, sai zaure, sai ƙofar gida, sai shigifa, kafin a kai tsakar gida. Kowane mataki yana da wanda ya halatta ya taka shi. Ƙofofin ba sa kallon juna, don kada idon mai wucewa ya zarce ciki. Wannan ba dabarar magina kaɗai ba ce, hukunci ne da malamai ke karantarwa. Duk almajirin da ya kai babin shari'a a Risala ya karanta cewa ba cuta ba cutarwa, kuma mutum ba zai buɗe tagar da zai riƙa hango maƙwabcinsa ta cikinta ba, ba zai buɗe ƙofa daidai saitin ƙofarsa ba, ba zai yi haƙan da zai cutar da shi ba ko da a cikin mallakarsa ne. Hadisi ya zo da zira'i bakwai a matsayin faɗin hanya idan an yi saɓani. Birnin Kano yana da dokar tsara gari tun kafin a san ofishin ba da izinin gini, kuma a zauruka ake koyar da ita.

To yanzu a dubi yadda sabon gini ke shigowa. Mai gida ya rasu, an raba gado, wani daga cikin magada ko wani ɗan kasuwa daga waje ya sayi kason sauran. Ya rushe, ya haƙa harsashi har bakin iyaka, ya tayar da bene hawa uku. Zaure ya tafi, domin wurinsa ya zama shaguna biyu da get ɗin ƙarfe. Tagogin hawa na biyu da na uku suna kallon tsakar gida huɗu ko biyar, matan da suka saba yin wanke-wanke da daka a sake yanzu sai da hijabi a cikin gidansu. Ya ɗaga daɓensa sama da na kowa, ya saki ruwan kwanonsa cikin lungu. Ruwan nan gindin bangon ƙasa na maƙwabci yake samu, ya yi ta ci shekara biyu ko uku, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi katanga ta zube. Maƙwabci ba shi da zaɓi, shi ma sai ya nemi bulo. Haka lungu guda ke juyewa cikin 'yan shekaru, ba don mutanensa sun zauna sun yanke shawarar hakan ba.

Rashin zaure ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake ba a cika lissafa shi cikin asara ba. A nan ake karatun allo da na ilimi, a nan ake ɗaurin aure da zaman makoki, a nan tela da baduku ke aiki, a nan ake sasanta rigima kafin ta kai gaban mai unguwa. Da zaure ya ɓace waɗannan al'amura ba su ɓace ba, titi suka koma. Shi ya sa yau ake kafa rumfa a tare hanya don zaman makoki, mai mota yana tsaki, masu gida suna jin an ci musu fuska.

Sai dai adalci ne a faɗi dalilin da ya sa mutane ke gudun ginin ƙasa, domin ba jahilci ne ya kore su ba. Ginin ƙasa yana son yaɓe, kusan kowace shekara kafin damina. A da ƙasar tana bayan gida, ƙarti suna cikin gida, maƙwabta na taimakawa. Yau kududdufan an cike da yawa daga cikinsu an yi gini a kai, ƙasa sai an saya an kawo a tifa, tifar ma ba ta shiga lungu. Azara ta yi tsada saboda giginya ta ja baya. Maginan da suka iya ɗaurin guga sun tsufa, 'ya'yansu sun koma bulo domin a nan ciniki yake. Ga kuma maganar daraja: saurayin da ya je neman aure ya san bambancin a ce gidansu na ƙasa ne da a ce na siminti ne. Sama da duka akwai tsoro, kuma tsoro ne mai tushe. Ranar 11 ga Agusta 2023 wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta kan masallata ana sallar la'asar, aka yi asarar rayuka. A Satumbar 2024 tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina tsakiyar ƙarni na 19, ya zube bayan mamakon ruwa. Wanda ya ga irin wannan ba za a yi masa wa'azin kyawun tubali ya saurara ba, sai an nuna masa yadda iyalinsa za su kwana lafiya.

Wani abin takaici shi ne, maganin da aka fi yi wa tsohon bango shi ke ƙarasa shi. Mutum ya gaji da yaɓe sai ya sa a yi wa bangon ƙasa filasta da siminti. Daga waje ya yi kyau. Amma ƙasa tana shan danshi tana fitarwa, siminti kuwa ba ya barin danshin ya fita, kamar a sa wa mai zufa rigar leda. Ruwa ya sami ɗan tsagi ya shiga, ya zauna tsakanin filasta da bango, ƙasa ta yi ta narkewa a ɓoye. Mai gida ba ya ganin komai sai ranar da ɓawon simintin ya ɓalle, ya tarar rabin kaurin bangon ya tafi.

Wasu garuruwan duniya sun sha wannan gwagwarmaya kafin mu, kuma labarin Paris yana da amfani saboda gine-gine biyu da aka yi a cikinta. Tsakiyar birnin ta sami kamanninta ne tsakanin 1853 da 1870, lokacin da Haussmann, jami'in da ke kula da birnin, ya tsaga manyan tituna, aka jera gidaje masu hawa biyar zuwa shida da dutse mai launi ɗaya, barandunsu a layi ɗaya. A 1973 aka kammala dogon benen Montparnasse mai tsayin mita 210. Mutanen gari suka ƙi shi ƙwarai, har a 1977 aka kafa dokar da ta taƙaita tsayin sabon gini zuwa mita 37. An sassauta dokar a 2010, aka dawo da ita a 2023. A 1989 kuma aka buɗe dalar gilashi da mai zanen gini I. M. Pei ya zana a farfajiyar gidan tarihi na Louvre, tsakiyar tsohuwar fadar sarakuna. Ita ma an yi mata ca da farko, amma yau tana cikin abubuwan da ake zuwa gani. Duka biyun ƙarfe ne da gilashi, ba wanda ya kwaikwayi adon tsohon gini. Bambancinsu a tsayi da ladabi yake. Dalar ba ta wuce mita 21 da 'yan kai ba, ba ta kere fadar da ke kewaye da ita ba, babban ɗakin karɓar baƙi ma a ƙarƙashin ƙasa aka saka shi. Benen kuwa duk inda ka tsaya a gari sai ya tsone maka ido.

Wannan shi ya sa zankwayen siminti ba sa burge ni idan an ɗora su a kan bene mai hawa huɗu da ya toshe wa lungu iska. Zanko da dagi da zanen ƙofa ado ne, kuma ado ne mai kyau, amma su ne abu na ƙarshe da magini ke yi bayan ya gama da tsayi da kauri da mafitar ruwa da sirrin maƙwabci. Gidan bulo mai hawa biyu, wanda ya bar zaure, ya juya tagoginsa zuwa tsakar gidansa, ya kai ruwansa kwata, ya fi dacewa da birni ko da ba zanko ɗaya a kansa.

Misalin da ya fi kusa da mu yana Dandaji, wani gari a jihar Tawa ta Nijar. Suna da tsohon masallacin ƙasa irin salon Masallacin Yama, wanda gwanin magini Alhaji Falke Barmu ya fara a 1962, ya kuma sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Masallacin Dandaji ya yi wa jama'a kaɗan, ya kuma lalace, har ana shirin rushe shi. Masu zanen gini biyu, Mariam Issoufou Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka kawo wata shawara: a gyara tsohon ya zama ɗakin karatu, a gina sabo a gefensa mai ɗaukar mutum dubu. Aka nemo maginan da suka san tsohon ginin aka sa su cikin aikin. Sabon masallacin da bulon jar ƙasa aka yi shi, wanda ake matsewa da inji, ba ya bukatar yaɓe duk shekara, aka sa kankare a wuraren da nauyi ya tilasta. An gama a 2018. Wanda ya dubi gine-ginen biyu ba zai rikita sabo da tsoho ba, amma launinsu ɗaya, kuma ƙasar yankin ce a jikin kowanne.

A Zariya wata hanya aka bi. Masallacin Juma'ar nan da wani sashensa ya rufta a 2023, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, shi ne ƙololuwar abin da bakan gizo ya kai a ƙasar Hausa. A shekarun 1970 aka kewaye shi da sabon gini na siminti, ya zama tsohon yana cikin cikin sabon. Mai son ganin siffarsa ta waje kamar yadda take a da, sai ya je Jos, gidan tarihin gine-ginen gargajiya da Zbigniew Dmochowski ɗan ƙasar Folan ya assasa, inda aka gina kwafinsa. Abin da ciwo a ce ɗan Zazzau sai ya hau mota zuwa Filato kafin ya ga fuskar masallacin kakanninsa.

Agadas kuwa ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2013, kuma abin da aka karrama ba masallacin kaɗai ba ne. Tsohon garin ne gaba ɗaya, da unguwanninsa 11, da fadar Sarkin Abzin, da gidajen talakawa. Hasumiyar ƙasa mai tsayin mita 27 tana da kwarjini ne saboda gidajen da ke kewaye da ita sun tsaya ƙasa. Ganuwar Kano da wuraren da ke tattare da ita suna jerin jiran wannan hukuma tun 2007. A tsawon wannan jira an yi ta yanka filaye a jikin badala, ana ɗibar ƙasarta, ana zuba mata shara. Ita kuwa hukumar tana duba abin da ke kewaye da wuri kamar yadda take duba wurin: ta cire kwarin Elbe na Dresden a Jamus daga jerinta a 2009 saboda gada, ta cire Liverpool a Ingila a 2021 saboda sababbin gine-ginen bakin ruwa. Ba don takardar UNESCO za a kula da Kano ba, amma ma'aunin nasu daidai ne. Gidan Makama ko Gidan Rumfa da aka bari tsaye shi kaɗai a tsakiyar dogayen benaye ya rasa rabin ma'anarsa.

Abin da birni ke bukata bai fi ƙarfin hukuma ba. Cikin ganuwa ya kamata ya sami ƙa'idar gini tasa daban da ta Nassarawa ko Sabon Gari ko sababbin unguwannin bayan gari. Tsayin gini ya danganta da faɗin hanyar da yake kai: abin da babban titi zai ɗauka, lungun da mutum biyu ke gogar kafaɗa ba zai ɗauka ba. Tagar sama da ke kallon gidan wani a ɗaga ta sama da tsayin ido, ko a juya ta. Kada a ba da izini sai mai gini ya nuna inda ruwansa zai bi. Kududdufan da suka rage a daina cike su, domin duk wanda aka cike, ruwansa ɗakin wani yake komawa. Kuma tunda ana so mai tsohon soro ya riƙe shi don amfanin kowa, bai kamata a bar masa kuɗin yaɓe shi kaɗai ba.

Gwamnati da masarauta da attajirai su ne ke iya sauya yadda ake kallon ƙasa. Muddin makaranta da asibitin unguwa da ofishin hakimi duk da bulo da tayil ake yin su, talaka zai ci gaba da ɗaukar ginin ƙasa alamar rashi. Idan aka ga babban ɗan kasuwa ya gina zaurensa da ɗaurin guga, ko aka ga Islamiyya mai hawa biyu da matsattsen bulon ƙasa, ɗalibai na karatu ba fanka ba zufa, magana za ta canza. Irin wannan aiki ne kuma kaɗai zai riƙe sana'ar, domin ba a koyon lanƙwasa azara a aji. Sai yaro ya tsaya ƙarƙashin maigidansa ana yi yana miƙa igiya, shekara da shekaru. Sassan koyar da zanen gini na jami'o'inmu, irin na Ahmadu Bello da na Bayero, suna da ɗalibai masu iya lissafin nauyi da gwajin ƙasa, Sarkin Magina da mutanensa suna da hannu. Kowane ɓangare yana da abin da ɗayan ya rasa.

Wuri mafi sauƙi da za a fara shi ne ranar da ake shirin haƙa harsashi. A yanzu maƙwabci ba ya sanin abin da za a gina a jikin katangarsa sai ya ga an kafa katakon zuba kankaren daɓen hawa na biyu, lokacin kuwa magana ta zama rigima, rigima ta zama kotu. Da za a wajabta wa duk mai gini a cikin birni ya kai zanensa gaban mai unguwa, a kira maƙwabtan da ke jikinsa ta kowace kusurwa, a nuna musu tsayi da tagogi da hanyar ruwa kafin hukuma ta buga hatimi, da yawancin ɓarnar nan an tare ta tun tana kan takarda, lokacin da matsar da taga bai wuce aikin fensir ba.